Yadda Aka Ƙone Aikin Mahaifina Don A Girmama Shi

Edita, ina yi maka sallama, kai da masu karatu. Lokacin da abin nan ya faru ni malamar sakandare ce, ina aure a unguwar Minanata cikin Sakkwato, kuma ni ce babba a ɗakinmu. Mace ce ni mai kunyar manya, irin wadda idan baffanninta suna magana ko tari ba ta yi. A ganina a lokacin tarbiyya ce. Yau kuwa in na tuna, haushin kaina nake ji kamar in yi ihu.

Mahaifina farfesa ne a fannin tattalin arziki, a jami'a ya ƙare rayuwarsa yana koyarwa. Amma abin da ya fi damunsa ba aji ba ne. Tun yana ƙaramin malami ya ɗauri aniyar gano yadda talakan Sakkwato ya rayu a farkon zuwan Turawa, sa'ad da aka ce haraji sai da kuɗin ƙarfe, kuɗin wuri ya daina tafiya. Ya bi tsofaffin da suka ga zamanin suna yara: majema, marina, dillalan fata, mata masu kaɗi. Da ajami yake rubuta abin da suka faɗa, domin ba su yarda da boko ba, sai ya karanta musu sun ji daidai ne kafin su sallame shi. Kuma kamar yadda aka koya masa a gidanmu na Ƙofar Atiku, gidan malamai, ba ya fara shafi sai ya sa Bismilla a samansa. Muna yara mukan tsokane shi mu ce Baba ya fi son matattu da mu. Shi kuwa sai ya zaunar da ni ya karanta mini labarin wata tsohuwa mai fura, wadda uwarta ta tara wuri cike da tulu don aurenta, aka wayi gari ko gishiri ba ya saye, ƙarshe yara suka riƙa wasa da shi a tsakar gida. Duk sanda ya karanta wannan shafi sai muryarsa ta canza.

Da ciwo ya tsananta, muna asibiti daga ni sai shi, ya riƙe hannuna ya ce in tabbatar takardun hirar nan sun kai ɗakin adana takardu na jami'a. Ya ce waɗanda ya rubuta da Turanci an buga su, suna ko'ina, amma na ajamin nan babu kwafinsu a duniya, masu maganar kuma duk sun rasu. Na ce to. Bai ƙara yi wa kowa zancen ba har Allah ya karɓi abinsa.

Bayan an share makoki na tafi jami'a. Suka yi murna, suka ce amma sai na kawo amincewar magada a rubuce. Na dawo wurin Baffa, yayan mahaifina, limamin unguwarmu, na durƙusa na ce jami'a tana son takardun Baba. Ya ce ba a taɓa kayan mamaci kafin rabon gado, balle akwai marayu ƙanana a ciki. Nan ne na yi kuskuren da ya ci ni. Ban ce masa wasiyya ce ba. Kunya ta hana ni, ina ganin yaya za a yi ɗiya mace ta tashi ta ce ita aka bar wa magana, ga maza a gida? Na ji tsoron a ce ƙirƙira na yi don in nuna na fi kowa kusa da shi. Na ce a raina bari in samo takarda daga jami'a, ita za ta yi magana a madadina.

Daga nan aka shiga yi mini wasa da hankali. In na je, a ce mai sa hannu ya tafi hutu. In na koma, a ce takardata ta shige wani ofis, in dawo mako mai zuwa. Ana cikin haka aka shiga yajin aiki, aka garƙame ko'ina. Na sha rana, na sha kuɗin kabu-kabu, har maigidana ya fara tambaya ko aiki na samu a can. Damina ta sauka ina wannan zirga-zirga, ɗakin Baba kuwa na ƙasa ne, rufinsa ya daɗe yana yoyo. Na san da haka, amma duk sanda na zo gaban Baffa sai bakina ya yi nauyi, in gaishe shi in tashi.

Ranar da Allah ya yi aka sa hannu, na zo gida da motar jami'a da kwalaye, raina fari. Na tarar da ɗakin a buɗe, an share shi tas. Baffa ya fito da fara'arsa ya ce ai sun yi wa ɗan'uwansa gata. Wai da suka buɗe don gyaran rufi suka ga gara ta fara cin takardun, ga kashin ɓera a kan sunan Allah. Ya zauna ya karanta wasu, ya ga zancen farashin fata ne da gero, ba karatu ba. Amma tunda kowane shafi da Bismilla, ba a zuba shi a juji, ba a kuma bai wa mai ƙosai ta naɗe kaya. Saboda haka ya yi alwala, ya ƙone su da hannunsa a bayan gida, ya binne tokar a wuri mai tsarki. Na Turancin kuwa an killace su a akwati, ko da akwai takardar fili ko ta fansho a ciki.

Na zauna a ƙasa ina kuka. Ya sunkuyo ya ce, "Mi yaf faru, ɗiyata?" A nan, da babu sauran amfani, na gaya masa abin da Baba ya ce a asibiti. Ban taɓa ganin fuskar mutum ta canza haka ba. Sai ya tambaye ni me ya hana ni faɗa tun farko. Ya ce wasiyya ai ita ke gaba da gado, da na furta kalmar nan guda, da a kansa zai ɗauki takardun ya kai su. Dattijon nan ya juya baya yana share hawaye da bakin rawaninsa. Da wa zan yi fushi?

Jami'a ta kwashi na Turancin, ta jera su a kwalaye da sunan Baba a jiki. Har yau ɗalibai kan buɗe su, su ga ya ambaci hirarrakinsa da tsofaffi, su tambaya ina suke, a turo su wurina.

Abin da na koya shi ne, kunyar da ke hana isar da amana ba ladabi ba ce, cin amana ce da ta yi lulluɓi. Duk wanda mamaci ya bar wa magana, namiji ko mace, ya faɗe ta a ranar, a gaban manya, kuma ya kira ta da sunanta. Masu ilimi kuma, don Allah ku miƙa takardunku inda ya dace tun kuna da rai, kada ku bar wa mai nauyin baki irina. In ɗaliban nan sun zo, abin da nake da shi kawai labarin mai fura da tulun wurinta. Ko sunanta ban riƙe ba.