Agogon Kawu Mai Maɗaurin Fata

Jiya ƙanena ya nuna mini wani agogo mai tsada a wayarsa, ya ce mai shagon ya rantse masa ko bayan shekaru ya sayar ba zai faɗi ba. Nan take Kawu ya faɗo mini a rai.

Kawu wan mahaifiyarmu ne. Daga Makka ya zo da nasa agogon, mai nauyi, yana walƙiya. Bai jima ba ya cire maɗaurin ƙarfen, wai yana tsinke masa gashin hannu, ya sa baduku ya ɗinka masa na jar fata. Da shi yake noma, da shi yake ɗaurin gero. Har yau ina jin warin fatar nan da ta sha zufa, da ƴar ƙararsa a kunnena in ya dafa kaina.

Wata ranar kasuwar Cadawa muna wurin mai shayi, wani dillali ya kama hannunsa ya jujjuya.

"Haba Alhaji, ka kashe kuɗin agogon nan! Ina maɗaurinsa na asali? Ga gilashin duk ya karce. Wa zai saya?"

Kawu ya kurɓi shayinsa, ya zare hannunsa a hankali.

"Ɗana, da sayarwa nake nufi, da rago na saya na ɗaure. Wannan don kada la'asar ta wuce ni a gona ne."

Ranar da ya rasu, da aka kwance agogon, sai ga shatinsa fari a hannun.

Allah ya sa sallolin da ya tsare su tsare shi a kabarinsa.