Giginyar da Yaya Attahiru Ya Ce a Bi

Shekara biyar ke nan da rasuwar yayana Attahiru, kuma har yau ni ke yi wa wayarsa caji. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana tuƙa jirgin ruwa na fasinja tsakanin Yelwa da Wara da ƙauyukan ƙetare, ruwa bai ci shi ba. Ciwon hanta ne ya kwantar da shi a ƙarshen damina, ya cika a ɗakin Inna, mahaifiyarmu. Ni ƙanwarsa ce, malamar firamare a Yelwa, abin da na sani game da jirgi bai wuce in shiga in ƙanƙame gefe ina salati ba. Duk da haka ni aka miƙa wa wayar bayan sadakar uku, wai ni ce mai boko.

A cikin wayar akwai zauren da ya buɗe, wanda muke ce wa guruf, na direbobin jirgi da masunta da masu bandar kifi, tun daga Shanga har Ngaski. Yawancinsu ba sa rubutu, murya suke ajiyewa. Kullum bayan sallar asuba Yaya zai sauka bakin ruwa ya duba, sannan ya faɗa musu inda iska ta dosa, ko ruwa ya ja ko ya ƙaru, da inda kainuwa ta toshe hanya. Wani ya tambayi yadda ake wanke fulogin inji, wani yadda ake kwance taru in ya naɗe farfela, wata kuma icen da ba ya sa kifi ɗaci. Shi kuwa uban surutu, in ya gama da inji sai ya shiga tunane-tunane. Ya taɓa tambayarsu me ya sa direban jirgi kullum yana tafiya amma bai taɓa zuwa ko'ina ba. Suka yi masa ca, suka sa masa suna Gidan Rediyo.

Akwai saƙonsa guda da ya fi kowanne yawo. Ƙarƙashin tafkin nan daji ne da ruwa ya haɗiye lokacin da aka datse kogi, kututturan suna nan tsaye ba su ruɓe ba. In ruwa ya cika a wuce ta kansu lafiya, in ya ja da bazara sai su zo dab da cikin jirgi. A saƙon, Yaya ya bayyana yadda ake ƙetarewa daga Wara a irin wannan lokaci: ka sa doguwar giginyar tsibiri a hannunka na dama, ka miƙe har sai ka daidaita da ita, sannan ka karya. Kowace bazara sai an sake turo shi, ana bin sa da Allah ya jiƙan Gidan Rediyo. Sababbin direbobi da ba su taɓa ganinsa ba sun haddace shi kamar karatun allo.

Da farko abin daɗi yake min. Mutanen zauren sun roƙe ni kada in cire lambarsa, suka ce ganin hotonsa a jerin sunaye yana sanyaya musu zuciya. Inna kuma ta mai da saƙon giginya abin karin kumallonta, don a cikinsa ne ya yi dariya har da tari. Kafin in tafi makaranta sai na kunna mata, ta saurara tana kallon ƙasa, ta ce in tafi Allah ya tsare.

Ashe giginyar ta faɗi. Ambaliyar shekarar da ta biyo bayan rasuwarsa ta ci gaɓar tsibirin, ta tafi da ita. Akwai wata giginyar can gaba kaɗan, ita ma doguwa, kuma duk wanda bai san ta farko ba ita zai ɗauka. In ka daidaita da wannan ka karya, kan kututturan ka nufa. Tsofaffin direbobi sun sani, hannunsu na kaucewa da kansa, amma bakinsu bai taɓa faɗa ba. Wanda ya yi ƙarfin hali shi ne Ishaya, abokin Yaya tun suna yara, Bakambare Kirista daga wajen Wara, wanda suka koyi tuƙi a jirgi ɗaya. Ya ajiye murya cikin ladabi ya ce a yi hattara, alamar ta canza. Kafin azahar an yi masa rubdugu. Wani ya ce yana ƙaryata wanda ba ya nan balle ya kare kansa, wani ya ce hassada ce tun ta da, wani mara kunya har ya fara jan maganar zuwa coci da masallaci. Ishaya ya janye saƙonsa ya ba da haƙuri, don ya san inda irin wannan magana ke ƙarewa.

A wajenmu ba a gyara wa mamaci zance. Da alheri ake ambatonsa, in ya yi kuskure a rufe. Al'ada ce mai kyau, da ita na tashi, amma kakanninmu da suka kafa ta ba su san za a yi zamanin da mamaci zai ci gaba da ba da umarni da muryarsa kowace shekara ba. Bara wani matashin direba ya bi saƙon tiryan-tiryan, jirginsa ɗauke da albasa da mata masu zuwa kasuwa, kututture ya tsaga shi. Allah ya sa masunta na kusa, aka tsamo kowa da rai. A zauren aka yi ta jaje, aka ce ƙaddara ce, ba wanda ya ambaci giginya.

Da bazarar bana, ruwa na fara ja, Ishaya ya zo har gida. Ya ce min, Malama, ba wanda za su saurara sai lambar nan da ke hannunki. Na kwana biyu ina juya maganar. Goge saƙon ba shi da amfani, yana wayoyin da ban san adadinsu ba. In kuwa na yi magana, mace ce da ba ta san gaban jirgi da bayansa ba ke tsoma baki a zancen maza, tana ƙaryata yayanta da wayarsa, kuma a saƙon da uwarsu ke rayuwa da shi. In na yi shiru, ranar kasuwar Wara na tafe. Gaba kura, baya siyaki. Wallahi na ji haushin Yaya a kwanakin nan, na ce ka tafi ka huta ka bar ni da jidalinka.

Na sha tambayar kaina me zai ce da ya ga yadda muka yi da maganarsa. Na san shi, dariya zai fara yi, sannan ya zage mu tas. Mutumin da ba ya yarda da labarin ruwan jiya, sai ya je ya gani da idonsa yau, shi ne aka mayar da zancensa na shekarun baya abin da ba a taɓawa. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, shi da kansa yake yawan faɗa musu haka.

Ranar da na kasa jurewa, Inna na faɗa wa. Na zaci kuka za ta yi ko ta ce in bar mata ɗanta. Sai ta tambaya ko matan da suka faɗa ruwa bara akwai mai goyo. Na ce akwai. Ta ce in danna mata wurin da ake magana.

Yaya ne ɗanta na fari, kuma Inna mai alkunya ce ta gaske. Tunda nake ban taɓa jin sunansa a bakinta ba, ko yana raye ko bayan ransa, sai dai ta ce mai jirgi. Ta riƙe wayar da hannu biyu ta ce:

"Ni ce uwar Attahiru. Attahiru ya rasu, giginyar da ya hwaɗa muku ita ma ta hwaɗi. Ku bar bin maganarshi, ku tambayi Ishaya."

Na tura saƙon cikin zauren. Da la'asar wani dattijon direba daga Shanga ya ce Inna ta yi gaskiya, Allah ya yafe mana, a bar Ishaya ya yi bayani. Ya yi, kuma yanzu shi ke sauka bakin ruwa da safe, wasu biyu na taya shi daga nasu ɓangaren. Ba zan yi muku ƙarya ba, tsohon saƙon bai mutu ba. Yana nan a wasu zaurukan da ba mu ciki. In kai direba ne ka ci karo da shi, don Allah ka yi masa addu'a ka wuce.

Da na auna abin da ya rage na Yaya bayan shekara biyar, sai na ga bayanansa suna tsufa ɗaya bayan ɗaya, har injinan da ya koyar da gyaransu an fara daina yayinsu. Abin da ya tsaya shi ne ɗabi'ar da ya koya wa mutanen da a da kowa ke ɓoye saninsa: ka je ka duba, ka dawo ka faɗa wa ɗan'uwanka. Allah ya kai ladan kabarinsa.

Inna kuwa tun daga ranar ba ta ƙara cewa in kunna mata saƙon ba. Na ɗauka ta saki, sai na tambaye ta ko in kashe wayar in adana. Ta ce a'a. Ba ta saurare, ba ta taɓa ta, amma kullum kafin in fita sai ta tambaye ni ko da caji.