Kawu Illo da Salular Majo

Kun dai san Kawu Illo magini, Allah ya jiƙan shi, ba ya zama wuri sai ya fiddo nivo daga aljihu, ƙarfen nan mai ɗigon ruwa a tsaka, ya aza. Har bencin liman na Dogarawa bai tsira ba. Ya aza, ya girgiza kai, yac ce, "A karkace yake, Malam." "A karkace" ɗin nan har ya zame mishi suna!

Da bayan ɗiyata Rabi ya fara lanƙwasa, da shi munka tafi likita Malbaza. Majo, babban ma'aikacin jinya na wurin, ya sa ta duƙa, ya bi ƙashin bayanta da salula, wayar hannunai, lambar lanƙwasar ta fito. Yac ce duk wata ukku za a sake awo, in lambar ta hau, sai Yamai a yi mata aiki. Wallahi ni dai sai salati.

Kawu kau ko a jikinai. Ya aza nivo ƙasa.

"Yaro, daɓenka a karkace yake. Yaya bayan jikata za ya fito daidai?"

"Baba, ba ruwan salula da daɓe."

Wanshekare sai ga shi wurin Majo da amalanken jaki, siminti da yashi. Babu wanda ya iya hana shi. Daɓe ya bushe, anka sake awo, lamba tana nan inda take. Kawu ya harari salula, yac ce, "To ita ma a karkace anka ƙera ta."

Awo na gaba Rabi ta ƙi duƙawa, sai kuka take. Kawu ya tuɓe riga, yac ce a fara da shi. Kai, lambar tsohon nan ta fi ta Rabi nesa!

"Kin gani? Shekara saba'in ina hawan gini da bayan nan, wa ya yanka ni?"

Rabi ta yi dariya har da hawaye. Tun ran nan tare suke duƙawa, gwiwoyinai suna ƙara.

Ya rasu cikin azumi. Litinin mai zuwa ne awo, kuma ni na ga kafaɗarta ta dama ta ƙara tashi. Tsoro nike ji, abinci ma ba ya shiga. Jiya tac ce mini, "Inna, ni kaɗai zan duƙa?"

Nac ce a'a, ga ni.

Allah ka yi ma Kawu rahama, ka haskaka kabarinai. Lambar nan kuma, ya Rabbi, ka tsai da ita inda take.