Kirarin da ya sauka a fuskata

Duk wanda ya bi layinmu a unguwar New Bell, nan Duwala, ya san shagon Hafiza, ɗan ƙuƙut ne tsakanin mai gashin kifi da mai gyaran babur. 'Yar ƙanena ce, a hannuna ta tashi, don haka in na yaba ta kada wani ya ce min komai. Tun tana 'yar makaranta take kwance wayoyin mutane, har ubanta ya gaji da ba da haƙuri ya kai ta unguwar Akwa koyon haɗa bidiyo, abin da suke kira montaj. Yau ba a biki ko suna a unguwar nan ba tare da aikin ya bi ta hannunta ba. Ba ta da surutu, ni ce nake yi mata.

Amma bara aikin nan ya kusa raba mu da surukanmu, a bikin ƙanwarta Khaulat.

Ranar wuni mata sun jeru a rumfa, zabiya tana bi tana kiran kowa da kirarinta, abokin ango yana biye da ita da waya yana ɗauka. Ni ce a farko, sai uwar ango Hajiya Nana Khadija, sai wata taubashiyarta da zabiya ta tsokana da waƙar rowa aka yi ta dariya. Hafiza ta haɗa komai, ta kalla a kwamfutarta lafiya lau, ta zuba a kile, ɗan ƙarfen nan da ake soka wa talabijin, aka kai gidan Hajiya.

Hajiya kuwa ta tara ƙawayenta, aka dafa shayi, aka kunna. Da farko ba laifi. Ana nisa sai murya ta fara riga hoto, kaɗan-kaɗan, har aka zo wurin zabiya. Ana jin "Giwa uwar ango, inuwar marayu," ga fuskata cike da allo, bakina cike da nama! Da fuskar Hajiya ta fito, tana ta murmushi da gwagwaronta, sai ga zabiya tana rera "Marowaciya, ko a mafarki ba ki kyauta." Wai wata daga cikin ƙawayen har shayi ya sarƙe ta.

Shi ke nan. Hajiya ta rantse da gangan dangin amarya suka yi, tunda yayar amarya ce ta haɗa, gwaggon amarya kuma ita ta kwashe kirarin. Ni da ban san ma ana ɗauka ba! Wadda ta sha wuya kuwa Khaulat ce, don gida ɗaya suke da Hajiya. Kwana shida in ta gaida surukarta sai a amsa mata da ka, in ta kai abinci a dawo da shi a rufe. Yarinya ta zo mana tana kuka, idanu sun yi jawur.

Raina ya ɓaci, na ɗauki mayafi zan je in amayar da abin da ke cikina. Hafiza ta tare ƙofa.

Ta ce, "Gwaggo, ki zauna. Hajiya ta yi gaskiya, abin da ta gani ke nan. Laifina ne da ban gwada a talabijin ɗinta ba."

Na ce, "Laifinki? Ke kika ƙera talabijin ɗin?"

Sai ta yi min bayani, kuma na riƙe, don ni ba a yi min bayani sau biyu. Waya ba ta ɗaukar hoto da gudu ɗaya. In haske ya wadata ta ɗauki talatin a sakan, in an shiga inuwar rumfa ta rage, murya kuwa ba ta rage gudunta. Kwamfuta tana da wayon daidaita su, tsohuwar talabijin ba ta da shi, kamar mata biyu ne suna daka a turmi ɗaya wata ta fi wata sauri. Ta ce dole ta sake juya hotunan duka su tsaya a gudu ɗaya, ashirin da biyar a sakan, kafin ta sake jera su. Ta kuma bar sabon tsarin matse bidiyo ta koma tsohon, H.264, wanda kowace talabijin take ganewa, ta fitar da shi kala uku don in wannan ya ƙi wancan ya yi.

Washegari da hantsi, ana tsuga ruwan nan na Duwala, muka hau bensikin, babur ɗin haya, Hafiza ta naɗe kwamfuta a leda ta rungume. Hajiya ta amsa sallama da ƙyar.

Hafiza ta durƙusa ta ce, "Hajiya, ban zo kare kaina ba. Ki ba ni aron talabijin ɗinki na minti goma."

Hajiya ta ce, "Ga ta nan, ke yarinya. Ki ƙara mana abin dariya."

Wallahi da ba don Hafiza ta taka min ƙafa ba, da na tanka. Ta fara kunna tsohon bidiyon a kwamfuta, ya tafi daidai, ta soka shi a talabijin, ya karkace, Hajiya tana kallo da gefen ido. Sannan ta sa sabo na farko, allo ya yi baƙi ya rubuto wani abu da Faransanci.  Hafiza ko a jikinta, ta zaɓi na biyu, ta wuce kai tsaye can ƙarshe, don ta ce a nan ne karkatar take taruwa, in ƙarshe ya daidaita to komai ya daidaita.

Ga ni na fito da namana, zabiya ta kira ni da sunana, Baraka. Hoto ya matsa. "Giwa uwar ango, inuwar marayu," ga Hajiya, ga gwagwaro, baki da murya sun haɗu cif. Ban san lokacin da na rangaɗa guɗa ba, a gidan surukai, ba kunya.

 Hajiya ta ce, "Mayar da shi baya." Aka mayar. Sau uku ana mayarwa. Sai ta juya ta harari talabijin ta ce, "Ashe ke ce munafukar." Ta kalli Hafiza ta ce, "'Yata, Allah ya yi wa hannun nan albarka."

Na san ba za ta ba da haƙuri da baki ba, manya ba sa yi. Amma ta ɗaga murya ta kira, "Khaulat! Bar wanke-wanken nan, zo ki ga yadda uwarki ta fito." Yarinya ta shigo a tsorace, hannu duk kumfa, za ta zauna a ƙasa. Hajiya ta matsa ta tattara zaninta, ta jawo ta kan kujera kusa da ita.