Zuwa Jega da Maiyama a Kan Maganar Zare

Mun tashi da asuba daga Danwarai, ni da ƙanwar maigidana, a bayan motar albasa. A unguwa mun ce gaisuwa za mu.

Ɗana ne ya zo hutu daga jami'a da wata magana. Wai komai na duniya, har dutse, ƙananan zare ne masu kaɗawa kamar tsirkiyar molo, kuma bayan tsawo da faɗi da zurfi akwai wasu fuskoki shida a nannaɗe, ido ba ya kai musu. Ubansa ya ce iska ta taɓa shi, ba zai koma makaranta ba. Ɗan fari ne, ko sunansa ba na faɗi, balle in zaunar da shi. Sai na sa goggonsa ta tambaye shi, ina bayan zana ina rubutawa da ɗan hannuna na yaƙi da jahilci.

A Aliero muka sha kunun zaƙi, mayafanmu duk warin albasa. Hanyar Jega ramuka, kuɗin mota ma an ƙara.

A wata sakandare a Jega muka sami malamin kimiyya, Kirista ne daga kudu. Ya karanta takardata ya yi dariya, ban yarda da dariyar ba. Ya nuna igiyar shanya, ya ce daga nesa tsawo kawai gare ta, amma tururuwa tana zagaya ta, haka fuskokin nan suke ɓoye mana.

Na ce, "Malam, wa ya taɓa ganin wanga zare?"

"Mama, ba wanda ya gani. Lissafi dai ya nuna."

Na yi godiya, amma na ji tsoron ko bakinsu ɗaya da yaron. Muka wuce Maiyama wurin wani malamin, ban gaya masa inda muka fito ba. Shi kuwa ya ɓata rai, ya ce bai yarda da maganar ba, manyan masana ma gardama suke yi a kanta. Nan hankalina ya kwanta, don ba a gardama da mahaukaci.

Da la'asar muka iso gida, na kwashe duka na gaya wa ubansa. Ya ce yaron ya koma makaranta.

Tafiyar ta koya mini cewa yarona lafiya lau yake. Zaren ne har yau ban amince da shi ba. Na aiki goggonsa ta ce masa ya haɗa kayansa, ranar da ya ga zaren da idonsa ya aiko mini.