Farar Motar da Gwaggo Ta Ƙi Buɗe wa Ƙofa

Ko na manta komai na zamana a Jidda, makonnin ƙarshe na mahaifina ba za su fita daga raina ba.

Baba ya tsufa yana aikin sito a tashar jiragen ruwa. Da ciwon daji ya ci ƙarfinsa, likita bai ɓoye mana ba, ya ce magani ya ƙare, saura a rage masa raɗaɗi. Shi kuwa burinsa ɗaya ne, a mai da shi gida, unguwarmu ta Madain Fahd a nan Jidda, ya cika a ɗakinsa yana jin Hausa a kunnensa. Da yake ɗan ƙasa ne, asibitin gwamnati ya sa shi cikin waɗanda ake bi gida ana dubawa kyauta. Da rana ina wurin aiki, mai jinyarsa Gwaggo ce, 'yar baffansa da ta zo umra daga Kano ta yi zamanta, babu iƙama, wato takardar izinin zama.

Ana nan sai aka kira ni daga asibiti. Wai sau biyu suna zuwa ƙofa a rufe, in aka sake sai dai a dawo da shi gadon asibiti. Ni da ma ga saurin fushi, na shigo gida ina huci.

"Gwaggo, ina kike tafiya ki bar Baba?"

"Ina nan, ɗana. Farar mota na gani da tambarin gwamnati, sai na kashe fanka na yi tsit."

A lungunmu haka ake yi, da an hango tambari duk marar takarda zai ɓace. Na juya wajen Baba, sai ya kau da kai. Ashe yana jin bugun ƙofar sarai, ya cije yana shan azaba don kada a kama ta. Wallahi nan na rasa wanda zan yi wa faɗa.

Zuwa na uku na ƙi fita aiki, na buɗe da kaina, Gwaggo kuwa ta shige bayan tankin ruwa. Nas ɗin, wata dattijuwar Balarabiya, ta duba bayan Baba ta ga ko ƙurji babu. Ta tambaye ni wa ke juya shi, na ce ni ne. Ta ce to in juya ta gani. Na kama Baba kamar buhun shinkafa, har shi kansa sai da ya yi dariya.

"Halas, yalla kira ta," in ji nas ɗin. "Ciwo na zo dubawa, takarda ba aikina ba ce."

Gwaggo ta fito da ƙullin kayanta a hammata, ta riga ta shirya wa tafiya. Nas ɗin ta sumbaci kan Gwaggo, ta zaunar da ita tana nuna mata lokutan maganin, ina fassarawa. Kafin wata ya ƙare har kunun gyaɗa Gwaggo ke dama mata.

Baba ya samu barci, ya gana da duk wanda yake son gani. Wata rana bayan la'asar ya cika a ɗakinsa, Gwaggo tana laƙƙana masa kalmar shahada. Mun yi kuka, amma raina a kwance yake har yau.

Tun daga nan na daina yi wa mai tsoro tsawa. Sai in zauna in tambaye shi me yake gudu, don na ga mutane biyu sun rufe wa taimako ƙofa, ita saboda tsoro, shi saboda ita.