Ƙofar Zuhura a Katakon Buraima

Buraima mai sassaƙa ba ya da yawan magana, har mutanen Zongo suna tsokanarsa wai da aka zo rabon harshe yana wajen karɓar yatsu. Kakansa falke ne da ya sauka a Lome bai koma ba, ubansa mahauci, shi kuwa tun yana ƙarami ya ƙi wuƙar nama ya kama ta katako.

A shekarar 1967 shi da abokinsa Sabitu tela suka buɗe Gidan Tawada a wani zaure a tsohon Zongo, can tsakiyar gari. Ba shago ba ne, ba a neman riba a cikinsa. Mai son katin biki ko sanarwar suna ya kawo takardarsa, a koya masa, ya buga abinsa. Aikin ba shi da wuyar faɗa: a sassaƙa zane a fuskar katako, a shafa tawada, a ɗora takarda a murza da bayan cokali. Inda cizal, wato ƙarfen sassaƙa, ya rarake ya fito fari, inda ya bari ya fito baƙi. Katako mai kyau yana wuyar samu, saboda haka in zane ya gama aikinsa sai a kankare shi a sake wani. Amma gidan yana da doka: kafin a kankare sai an yi bugun sallama, takarda ɗaya ta ƙarshe da za a adana, kuma wanda ya sassaƙa shi ne zai kankare da hannunsa.

Shekara goma suna haka aka ce za a rushe Zongo a kwashe mutane zuwa bayan gari. Kowa ya shiga ɗaure kaya, Buraima kuwa ya jawo katako mafi girma a gidan, faɗinsa ya kai rabin ƙyaure, ya zauna yana sassaƙa layinsu ƙofa bayan ƙofa. A tsakiya ya sa ƙofar gidansa, da matarsa Zuhura tsaye a bakinta, ta juya baya, da tiren wake da shinkafa a ka. Da ya zo fitar da gefen ƙofar nan hannunsa ya yi nauyi, cizal ya nutse fiye da yadda ya saba.

Bai samu bugawa ba, motoci suka zo. A sabon Zongo babu famfo, babu rufin kirki, ga ruwan sama babu sassauci. Zuhura ta kwanta da zazzaɓi a ƙarƙashin tamfol, kwana shida ta cika. Ko hoto ɗaya ba ta taɓa ɗauka ba. Abin da ya rage na siffarta a duniya shi ne bayan nan nata a jikin katako. Buraima ya naɗe shi a buhu ya jingine. Takarda mai faɗinsa babu, ƙarfin halin kallonsa ma babu.

Aka kwashe wata shekara goma. Gidan Tawada ya sake tashi a sabon wuri, aka sa ranar bikin cika shekara ashirin, za a rataye ayyukan gidan kowa ya zo ya gani. Sabitu ya samo manyan takardu daga wani mai ɗab'i a cikin gari. Ran nan Buraima ya kwance buhun, ya share ƙura da gefen rigarsa, ya ce, "Sabitu, wannan karon zan buga ta." Abin da yake nema ke nan, takarda ɗaya tak.

To, zamanin jam'iyya ɗaya ne, ko taron suna ya yi girma sai an nemi izini. Saura kwana uku sai ga Tchakoura, wakilin jam'iyya na unguwa, ya zo duba abin da za a rataye. Ya bi katunan biki yana gyaɗa kai, har ya iso kan katakon ya tsaya.

"Baba, wannan ina ne?"

"Layinmu ne."

"Wane layi? Wurin da aka tashe ku? Kana so baƙi su zo su ga kuna kukan abin da hukuma ta gyara?" Ya ƙwanƙwasa katakon da ɗan yatsa. "Kuma ban ga tambarin jam'iyya a bakin ƙofa ba. Ga katako mai kyau. A goge wannan a sassaƙa shi a kai, in ba haka ba babu biki, gidan ma a rufe."

Sabitu ya rusuna ya ce, "Ranka ya daɗe, muna da al'ada, kafin a kankare akan buga ɗaya a ajiye."

"Ko rabi," in ji Tchakoura. Ya jawo benci ya zauna, wai sai ya gani da idonsa. Kai, wasu mutane in an ba su ɗan iko, Allah ya kiyaye!

Sabitu ya miƙa hannu zai ɗauki abin kankarewa don ya sauƙaƙa wa abokinsa. Buraima ya riƙe masa hannu. Rabin dokar ya tafi, ba zai bari ɗaya rabin ya bi shi ba. Ya durƙusa ya fara. Masallacin layin ya tafi, rumfar mahauta ta tafi, tiren ya tafi, ɗankwalin Zuhura ya bi. Ɓawon katako ya taru a ƙafarsa kamar na rogo. Bai yi kuka ba, amma wallahi duk wanda ke zauren ya kasa haɗa ido da shi. Kwana biyu ya yi yana sassaƙa tambarin, aka buga shi a kan babbar takardar da aka tanada wa Zuhura.

Ranar biki aka cika maƙil. Tambarin yana rataye a bakin shiga, baƙi wuluk, sai dai wajen tsakiya akwai wani farin layi siriri, ya miƙe sama ya karya dama. Wurin da cizal ya nutse ne shekara goma da suka wuce, kankarewa ba ta kai gindinsa ba. Buraima ya gani tun a wajen bugu ya bar shi haka.

Kulsum, yayar marigayiya, ta shigo tana dogara sanda. Ta tsaya ta ƙura wa layin ido, ta ɗora hannu a ƙirji.

"Buraima, wannan ai ƙofarku ce."

"Yi a hankali, Yaya."

"Ga ma inda ta karkace, inda Zuhura take jingina tire."

Tsofaffin maƙwabta suka fara matsowa. Tchakoura ya ga an taru a wuri ɗaya, ya kutso. Bai gane komai ba, shi dai ya ga fari a inda ya kamata a ga baƙi.

"Wane irin aikin ganganci ne wannan, Baba? Manyan baƙi suna hanya. A kawo tawada ka cike shi yanzu."

Aka kawo tawada da ɗan buroshi. Buraima ya karɓa, a gaban Kulsum da duk maƙwabtansa na dā ya bi layin daga ƙasa zuwa sama, ya karya dama. Tchakoura ya ce madalla, ya fara tafi, dole kowa ya taya shi.

Daga ranar Buraima bai sake riƙe cizal ba. Yakan zo Gidan Tawada kullum da hantsi, ya zauna kusa da katakon tambarin, ya sa babban yatsa a cikin ramin nan yana bi. Sabitu ya hana kowa taɓa katakon. Da Buraima ya rasu bayan shekara huɗu, aka tarar wurin ya yi sumul yana sheƙi, tawada ma ba ta kama shi.